Lakadan ko Ajalan

Yau kwana tara ke nan ban bi ta Ƙofar Marusa da rana ba. In ta kama, zagaye nake yi.

Son ɓoye sirri ne ya ja mini. Na gaji da in duba takalmi da safe, da yamma tallar takalmi ta biyo ni har WhatsApp ɗin tunanina. Sai na ji labarin GrapheneOS, wadda ake sauke Android ɗin kamfani a ɗora, wadda Edward Snowden, mutumin da ya fasa ƙwan leƙen asirin Amurka a 2013, ya yaba a 2019. Ba ta hawa kowace waya sai Pixel, wato in za ka gudu daga Google sai ka fara sayen wayar Google. Na tafi Kano, Farm Centre, na sayo Pixel 7 ta hannu, na jona da kwamfuta, dare ɗaya na gama.

A ciki na tarar da abin da ya fi burge ni: lambar tilas. Idan wani ya ritsa ka ya ce buɗe waya, sai ka danna ta maimakon ta gaskiya, nan take wayar ta shafe komai, ba tambaya, ba ko ka tabbata. Har layin da ba na kati ba, irin nawa, tana haɗawa da shi. Don kada in manta, sai na sa tsohuwar lambata, wadda na shekara takwas ina dannawa.

Ranar Asabar aka ɗaura auren abokina na tun firamare a Ƙofar Marusa. Sadakin, naira 200,000, yana asusuna, don ya ce in yana hannunsa lefe zai cinye shi. Masallaci ya cika har waje, an raba goro da alawa. Wayata ta kwana a kashe saboda babu wuta, na kunna ta a bakin ƙofa na jefa aljihu. Liman ya tambayi wakilin ango: lakadan ko ajalan? Wakilin, wato kawun ango, ya ce lakadan, da ƙarfi, ya nuna ni da haɓa. Waliyyin amarya ya fara karanto lambar asusu.

Na zaro waya. Lambobin buɗe ta shida ne. Na tuna na farko, na tuna na biyu. Daga nan babban yatsana, wanda bai taɓa jin sunan Snowden ba, ya karɓi aiki ya bi hanyar da ya saba. A na biyar zuciyata ta ce tsaya. Wallahi na ji ta ta faɗa. Yatsan ya danna na shida, ya kuma danna na shiga, kamar ɗan acaɓan da ya ga fasinja.

Fuskar waya ta yi baƙi.

Na sake kallon wurin nan a kaina ya fi sau ɗari. Tsakanin na biyar da na shida akwai fili, fili mai faɗi, da za a iya shimfiɗa tabarma a ci tuwo. Kullum a mafarki nakan tsaya a nan. A masallaci kuwa sai ga fuskata a baƙin gilashi, da hula zanna bukar a karkace, waliyyi kuma yana maimaita lambar a hankali, wai ko ban ji ba ne.

Wani ya ce sabis ne. Wani ya ce a sa ta cikin shinkafa. Amma gwanin shi ne wani dattijo mai jan rawani da ke kusa da ni, ya matso ya kama mini hannun riga.

“Ɗana, ciro batirin ka goga mashi a riga.”

“Baba, ba a cire batirinta.”

“Kowace waya ana cire mata. Tawa shekara goma sha biyu, in ta yi gardama haka nake mata.” Ya zaro wata 'yar Nokia ɗaure da kyauro, ya ɓalle bayanta, ya goga batirin a gwiwa, ya mayar, ta yi kiɗanta a tsakiyar sahu. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

Na ce masa ba lalacewa ta yi ba, ni na sa ta goge kanta don kada a ga sirrina. Ya dube ni tun daga hula har takalmi.

“Wa ke neman sirrin naka?”

Katin banki yana gida cikin wani wandon. Layi ya tafi. Ango ya sunkuyar da kai yana karanta tabarma. Liman ya yi gyaran murya ya dubi kawu, kawu ya dubi silin, sannan da wata 'yar murya ya ce ajalan. Maroƙi kuwa bai san rage murya ba, ya kai ta har bakin titi.

An biya kafin la'asar, amma dangin amarya har yau Malam Ajalan suke ce mini. Shekaranjiya da dare na yi kuskure na tsaya sayen ƙosai a unguwar. Sai na ji an kama mini hannun riga.

“Ɗana, ka dai ciro batirin?”