Kunnen Ƙashi da Katin Sauti

Kowane magidanci a Bagudo yana da inda kuɗinsa ke zurarewa ba da sanin iyali ba. Wani kiwon tattabaru, wani babur da yake yi wa kwalliya duk wata, wani kuma siyasar da ba ta taɓa kai shi ko kansila ba. Nawa wani ɗan baƙin akwati ne da ake jonawa a jikin kwamfuta, a soka hedifon a jikinsa, mutum ya rufe ido ya yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Katin sauti ake ce masa. Ban taɓa shan taba ba, goro ma sai a wurin ɗaurin aure, amma abin da na kashe a kan kunnuwan nan biyu ya isa a haƙa rijiyar burtsatse a gonar albasa.

Shagon buga takardu da fotokwafi nake da shi. Da dare idan aiki ya lafa, nakan kunna Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ko Sani Aliyu Ɗandawo a kwamfutar, in saƙala abin kunne in huta. Sai na fara lura da wani ɗan zuuu ƙasa-ƙasa a bayan kiɗan kotso duk sanda aka tada janareto aka jona caja. In na motsa maus kuma ya yi tsiit. Da an zare cajar sai shiru. Mai hankali zai zare caja ya ƙarasa waƙarsa da batir. Ni kuwa na ɗauki abin a matsayin raini.

Gaskiyar lamarin ba ta da wuya. Waƙar da ke cikin kwamfuta lambobi ne zalla, sai wata 'yar na'ura ta juya su zuwa wutar da ke girgiza fallen da ke cikin hedifon. A kwamfutocinmu na gwanjo, na'urar nan a allo ɗaya take zaune da duk sauran kayan ciki, don haka hayaniyar makwabtanta take kwasowa. Wutarmu kuma sau 50 take kai da komo a daƙiƙa, soket ɗin shagona ba shi da wayar ƙasa, janareton kuwa kada ma a yi maganarsa. Maganin shi ne a fitar da aikin juyawar waje, a ba ɗan akwatin da ake jonawa ta USB. Mai araha ma ya wadatar. Da na tsaya a nan da ba ni da abin ba da labari.

Na roƙi wani abokina mai zuwa Kwatano ya duba mini cikin tarkacen gwanjon da ake saukewa daga Turai. Ya samo, ya faɗa mini kuɗinsa da sefa, na lissafa da naira na haɗiye yawu na ce ya saya. Kaya suka biyo hanyar Faraku da Kandi har Segbana, saura a tsallako Tsamiya, sai gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019. A Nuwamba kuma aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mutanen Lolo da Tsamiya da Illo suna lissafin shinkafa da mai da cinikin da ya tsaya cak da Malanbil, ni kuma ina kwana da tunanin akwatina. Wata rana a majalisa wani dattijo ya ga na yi jugum, ya ce, “Malam, kai ma kayanka sun maƙale can?” Na ce wallahi kuwa, Alhaji. Ya ɗaga hannu ya yi mini doguwar addu'a, Allah ya mayar da alheri, Allah ya sa kada uwar kuɗi ta karye. A zatonsa tirela ce. Na shafa na ce amin, ban gyara masa ba. Daga baya akwatin ya iso a aljihun wani ɗan'uwan matata da ya zo suna, domin zumuncin bakin iyaka ba ya jiran a buɗe ƙofa.

Zuuu ya tafi, wannan kam ba ƙarya. Amma da ya tafi sai na ji kamar an ƙwace mini sana'a. Na karanta cewa hedifon irin nawa mai ohm 32 na yara ne, manya mai ohm 250 suke sawa. Na aika Kano aka kawo. Na jona, sauti ya fito siriri kamar daga gidan makwabta, domin akwatin ba shi da ƙarfin tura shi. Sai amfilifaya. Ita kuma ta ce ba ta shan wutar janareto, sai sola da inbata. Inbatar ta zo da nata kukan. A shekarar nan kuɗin albasa ko gida ba su kwana ba.

Matata ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon wayoyin da suka cika tebur, ta ce, “Malam, wanga sabon akwati mi yaka yi wanda wancan bai yi?” Na gyara zama na ce sautinsa ya fi faɗi, kuma ya fi ɗumi. Ta ce, “Ɗumi? Cikin wanga zahi?” Ta juya ta tafi. Har yau ban samo amsa ba.

Inda na fi ɓata dare shi ne wurin saiti. A Windows akwai wani ɗan gurbi da ake zaɓar ingancin sauti. Yana kan bit 16 da 44,100, na ɗaga shi zuwa bit 24 da 192,000, na ji kaina ya ƙara girma. Alhali na sani sarai cewa ma'aunin farkon shi ne wanda Sony da Philips suka ɗora faifan CD a kansa tun 1982, kuma yana ɗaukar sauti har wajen 22,000 Hz, kunnen ɗan'adam kuwa a 20,000 yake tsayawa, shi ma na yaro ƙarami. Da shekaru suka ja, sama-saman ke fara zubewa. Na taɓa gwada nawa da wata manhaja mai fitar da siririyar ƙara tana hawa. Ina zaune ina jiran a fara, sai 'yata ta toshe kunnuwa daga tsakar gida tana cewa, “Baba, don Allah kashe!” Ni ban ji komai ba. Ban sauke saitin ba duk da haka. Na ma ƙara da ASIO, wata hanyar da kamfanin Steinberg na Jamus ya ƙirƙiro don masu sutudiyo su rage jinkiri tsakanin bugun kiɗa da jinsa. Mai sauraron waƙar da aka gama rerawa tun zamanin En'e ba shi da jinkirin da zai rage, amma sunan ya yi mini daɗin faɗa. Mutum zai zo fotokwafin takardar shaidar ƙaramar hukuma, in tsare shi da tarihin Sound Blaster, katin da kamfanin Creative na Singafo ya fitar a 1989 lokacin da yawancin kwamfutoci ba sa iya komai sai ƙit-ƙit. Yana ta duban ƙofa, ni ina ta bayani.

To, me ake zubawa cikin wannan tsadadden bututu? Waƙoƙin da aka ɗauka a tef da makirufo ɗaya, aka kwafa daga kaset zuwa kaset har ba a san na nawa ba ne, wani mai dawunlodin a tasha ya matse su zuwa MP3, suka bi ta Xender da WhatsApp suka faɗo memorina. Abin da ya zube a hanya ya zube, babu akwatin da zai je ya tsinto shi. Abin da kayana suka yi shi ne fito da duk wani datti fes. Shuuu ɗin kaset yanzu ina jin sa dalla-dalla. A wata waƙar ma, da alama wanda ya kwafa rikoda biyu ya kara baki da baki a tsakar gidansa, domin ana tsakiyar amshi akuya ta yi kuka. Da tsohon iyafis ɗina na ɗari biyar ban taɓa jin ta ba. Yanzu kuwa ina iya nuna gefen da take tsaye, kuma ita nake jira duk sanda na kunna waƙar. Nakan mayar da wurin baya in saurare ta da wannan akwati, in sake da wancan, in gwada wanne ya fi fito da ita. Rabon da in bi ma'anar baitin da ke wurin har na manta.

Ranar da abin ya kai maƙura cikin bazara ne, ana zafin nan na Afrilu da ke narkar da roba. Hedifon ɗina rufaffe ne, kuma na ƙure shi, ni da nake yi wa yaran unguwa wa'azi cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyaka. Idona a rufe, ina karɓar amshi da muryar da ni kaɗai ne ban san muninta ba. Da na buɗe ido sai ga surukina tsaye da sandarsa, ya taso tun daga Ka'oje, ya yi sallama har ya gaji. Na zabura na durƙusa na ce, “Baba, sannu da zuwa!” da ƙarfin da sai da mai shayin tsallaken titi ya waiwayo, don na manta abin yana kaina. Na fizge shi. Fatar kunnen hedifon ta riga ta fara ɓarewa saboda gumi, baƙaƙen ɓarɓashi sun manne mini a kunne da gemu da bakin hula. Dattijon ya dube ni tsaf, ya ce a hankali, “Malam, in ciwon kunne na, a tai da kai Birnin Kebbi a duba. Ba abin kunya ba na.” Na ce na gode, Baba, da sauƙi. Bayan ya koma gida ya aiko da man shafawa a kwalba.

Yaron shagona, ɗan ƙanena ne, shi ya ƙarasa ni. Ya ce, “Kawu, rufe ido in riƙa canza maka, ka faɗi wanne ne wanne.” Na yarda da gadara. Ya jona na farko, na ce wannan ƙaramin ne, sautin a takure yake. Ya jona na biyu, na yi murmushi na ce yauwa, ka ji kotso yana numfashi, ka ji fili, wannan shi ne kuɗi. Na buɗe ido. Wani tsohon iyafis ya ɗaure a cikin kwanon hedifon ɗin da tef, wayarsa kuma tana soke a jikin 'yar Tecno ɗinsa mai fasasshen gilashi.

Na yi masa bayani cewa ina fama da mura, ga ƙurar hunturu ta toshe mini kunne, kuma gwaji irin wannan ba ya inganta sai iska ta yi laima. Mun ɗaga shi zuwa damina. Kafin nan na yi magana da wani a Kano kan wata waya ta jan ƙarfe tsantsa, an ce tana buɗe sauti sosai, kuma na gargaɗi yaron cewa in maganar gwajin nan ta kai kunnen innarsa, wato matata, ya nemi wani shagon.