Hannun Murɗawa Bai Yi Wa Kowa Laifi Ba

A Amurka akwai wasu bayin Allah da ke yin kafinta don sha'awa kawai. Mutum yana da aikin ofis ɗinsa, amma Asabar da Lahadi sai ya shige gareji ya kama feƙe katako, motar gidan kuwa tana waje dusar ƙanƙara na zuba mata. Ɗaya daga cikin injunan da suka fi so shi ne DeWalt DW735, injin goge falanki mai faɗin inci 13 da nauyin kusan kilo 42, wanda wuƙaƙensa uku ke zagayawa sau 10,000 a minti ɗaya. A gefensa akwai hannun murɗawa da ke ɗaga kan injin ko sauke shi, kowane zagaye ɗaya yana motsa shi kashi ɗaya cikin 16 na inci. Wannan hannu shi ne wasu suka ɗaura wa karan tsana. Suna so a cire shi, a ɗaura ƙaramin moto na lantarki da 'yar kwamfuta irin Arduino, ta yadda mutum zai danna maɓalli kawai injin ya hau ko ya sauka da kansa. Ni dai ra'ayina, wannan neman wahala ne da kuɗin aljihu, kuma ina da hujja.

Hujjarsu ta farko lissafi ce. Injin yana buɗewa har inci 6, saboda haka daga ƙasa zuwa sama zagaye 96 ne, kuma duk wanda ya taɓa yin su a jere ya san kafaɗa na yin magana. To amma wa ke yin wannan tafiyar kullum? Aikin yau da gobe shi ne a ɗauko falanki mai kaurin inci ɗaya a mayar da shi kashi uku cikin huɗu na inci. Zagaye huɗu ke nan gaba ɗaya, su ma ba a lokaci guda ba, rabi-rabi ake yi tsakanin kowane turi. Mutumin da ya iya cicciɓar injin kilo 42 ya ɗora kan tebur, ya kuma yini yana jidar katako, shi ne yanzu yake kukan zagaye huɗu sun fi ƙarfinsa.

Mu ƙaddara ni ne na faɗa wannan rami, don kada a ce na ci mutuncin wani. Na sayi moto mai tafiya taki-taki, taki 200 a zagaye, na haɗa shi da bel, na rubuta wa kwamfutar umarni, na kira iyali su zo su ga abin mamaki. Na danna, kan injin ya sauka gwanin sha'awa, aka yi tafi. Sai na kunna babban injin, wanda ke jan amfiya 15, hayaniyar lantarkinsa ta shiga wayoyin 'yar kwamfutar, lambobin allo suka fara rawa. Na gyara wannan, sai garin katako ya cika zaren sandunan nan huɗu da kan injin ke hawa a kansu, juyawa ta yi nauyi, moto ya tsallake taki da yawa bai gaya wa kowa ba. Irin wannan moto ba ya sanin ya yi kuskure, ƙirga umarni yake yi, ba ya duba inda ya isa. Allo na rantsuwa kauri ya kai milimita 19, falanki kuma ya fito 20 da ɗoriya. Na sake dannawa da ƙarfin zuciya, wannan karon ya zarce, wuƙaƙe suka nemi cin abin da ya fi kashi ɗaya cikin takwas na inci da aka ƙayyade musu, injin ya yi gurnani, falankin nan mai tsada ya fito da rami a baki. Masu tafi sun koma ɗaki. Abin da na cire ban sani ba shi ne ji: hannu yana jin nauyin murɗa ya ƙaru ya tsaya, moto kuwa yana ci gaba da turawa ko da sarƙa ko haƙori zai ba da kai. Dole yanzu in sayi makunnin iyaka na sama da na ƙasa, da ma'aunin da zai riƙa gaya wa kwamfuta gaskiya, da akwatin da zai kare su daga ƙura, duk don su yi aikin da tafin hannuna ke yi kyauta. Garin neman gira an kusa rasa ido.

Za a ce ai daidaito ake nema. Taki ɗaya na moton nan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, hannun ɗan Adam ba zai taɓa yin haka ba. Na yarda, a kan takarda. Amma tsakanin sukuru da noti akwai ɗan sako-sako, duk lokacin da aka sauya daga hawa zuwa sauka sai an cinye shi kafin komai ya motsa, moto kuma yana ƙirga wannan a matsayin tafiya. Ko an magance wannan, shi katakon fa? Yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kamar yadda ƙofar katako ke cijewa da damina ta saki da hunturu. Falankin da ka auna wa kashi ɗaya cikin ɗari yau, gobe da safe ya riga ya sauya shawara. Za a kuma ce manyan injunan masana'anta irin na SCM da Felder suna zuwa da tebur mai hawa da lantarki. Haka ne, amma teburinsu ƙarfe ne mai nauyin gaske, an ƙera su da moton tun daga farko, kuma suna aiki safe zuwa dare a wurin da minti ɗaya kuɗi ne. Mai gareji da ke haɗa teburin shayi ɗaya a wata uku ba ya cikin wannan layi.

Mutum biyu kawai nake ɗaga wa ƙafa. Na farko shi ne mai ciwon gaɓoɓi ko raunin kafaɗa, wanda murɗawar ke hana shi sana'ar da yake so. Shi wannan ya sa moto, Allah ya ƙara lafiya. Na biyu shi ne wanda ya fito fili ya ce shi wayoyi da lambobi ne ke ba shi daɗi, katako dalili ne kawai. Wannan ya faɗi gaskiya, kuma kuɗinsa ne. Sauran kuwa, idan lamba kuke son gani, akwai ma'aunin dijital irin na Wixey da ake maƙalawa a jikin injin, ya nuna kauri ba tare da ya taɓa komai ba. Idan ranar zagaye 96 ce ta zo, ku kira yaro ya murɗa, ku ba shi na alawa. Amma duk wanda ya nace sai ya sa moton nan, don Allah kada ya jefar da hannun murɗawar, ya ajiye shi a aljihun tebur mafi kusa, tare da sukurunsa.