Wasiƙa Zuwa ga Mai Martaba Sikolashif, Gatan Ɗalibai

Daga wani tsohon malamin makaranta, wanda alli ya cinye wa yatsu, zuwa ga Mai Martaba Sikolashif, wanda ake jin labarinsa a kowane gari amma ba a cika ganin fuskarsa ba.  

Ranka ya daɗe, abin da ya sa na ɗauki alƙalami, alhali kuwa na san fadarka ta daina karɓar takarda mai tawada tun ran da ka ƙaura zuwa intanet, shi ne yaran unguwarmu, waɗanda suka ɗauka duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san hanyar gidanka, sun mai da zaurena ofishin cigiyarka, kuma da yake na gaji da ba su amsoshin da ni kaina ban gamsu da su ba, sai na ga ya fi kyau in kawo kukan wurin mai shi.

Ban jahilci nasabarka ba, kuma lalle nasaba ce ta a yi alfahari da ita. Kakanka na can sama shi ne waƙafi, wanda da shi mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Masar a tsakiyar ƙarni na 13, domin ɗalibansu da mahajjatansu su sami masauki, kuma da irinsa ne Azhar ta daɗe tana raba wa almajiranta gurasa, har Barnawa suna da ɓangarensu na kwana a cikinta. Mahaifinka kuwa shi ne wanda ya ɗauki Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai shi London a 1945 ya ƙaro ilmin koyarwa, ya kuma kai Malam Abubakar Gumi Bakht er-Ruda ta ƙasar Sudan a 1954. Ba zan yi wa wancan zamani yabon da bai cancanta ba, domin a lokacin wani jami'in ilmi ne ke nuna yaro da yatsa a ce shi ke nan, wanda idonsa bai faɗa kansa ba kuwa, balle 'ya mace, sai haƙuri. Illa iyaka dai, wanda aka zaɓa ba a taɓa cewa ya rage nauyin hotonsa ba.

Yau, alhamdu lillahi, zuriyarka ta yaɗu gabas da yamma. Akwai Fulbright na Amurka tun 1946, da na ƙungiyar Kwamanwel tun 1959, da Chevening na Ingila tun 1983, wanda ba ya duban mutum sai ya yi aiki na shekara 2, kuma ya ɗauki alkawarin komawa gida ya zauna wata shekara 2 bayan ya gama. Akwai DAAD na Jamus, da na gwamnatin Turkiyya, da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, da Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda tun kafa ta a 1961 take ci da ɗalibai da shayar da su. A gida kuma ga asusun PTDF na masu karatun man fetur da dangoginsa, ga hukumar tallafin karatu ta tarayya, ga na jihohi. Duk wanda ya ji wannan jerin sai ya zaci babu sauran ɗan talakan da zai zauna gida don rashin kuɗin makaranta. To, a nan mas'alar take, Allah ya ba ka nasara, domin kowane ɗaya daga cikin 'ya'yan nan naka yana da lokacin fitowarsa, na Turkiyya a farkon shekara, Chevening a watan Agusta, wasu kuma sai ran da suka ga dama, kuma ba ɗayansu da ke da sankira. Jinjirin watan azumi, wanda kowa ke ɗaga kai yana nema, shi ma sai an yi shelarsa a rediyo kafin a ɗauki niyya. Kai kuwa kana tsayawa ka faɗi a wani lungun intanet ba wanda ya gani, in ban da yaron da yayansa ya riga ya samu, ya san ranar da ake leƙawa. Mai uwa a gindin murhu dai ba ya cin tuwonsa gaya.

Idan Allah ya sa yaro ya ji labari kan kari, sai ya shiga babin sharuɗɗa, wanda na rantse ya fi babin gado wuyar warwara. Ana son takardar haihuwa, wadda aka haife shi ba a yanka ba, sai ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru. Ana son takardar shaidar cewa shi ɗan asalin ƙaramar hukumarsa ne, ko da kuwa kabarin kakan kakansa yana bayan sakatariyar. Ana son lambar NIN, da lambar JAMB, da sakamakon jarrabawa, da fasfo na fita waje tun bai san ko zai taka tashar mota ba. Na raka wani marayan maƙwabcina wani shagon intanet, na zauna kan benci ina kallon ikon Allah. An ɗauke shi hoto, fom ya ce hoton ya yi nauyi. Aka rage, ya ce ya yi duhu. Aka gyara, sai wuta ta ɗauke. Kafin mai shago ya ja janareta, shafin ya kore mu, duk abin da aka cika ya bi iska. Da aka sake shiga kuma sai ya ce sunan da ke kan NIN Muhammad ne, na takardar sakandare Mohammed, saboda haka a wurinsa mutum biyu ne, kuma bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Kowane zagaye mai shago yana lissafa kuɗinsa, kuma ban ga laifinsa ba, domin fetur ba sadaka ake ba shi ba. Da muka fito, yaron ya laluba aljihu, ya ce, "Baba Malam, ashe neman taimakon ma sai mai hali." Na buɗe baki in yi masa nasiha, ban sami abin faɗa ba, na biya mana kuɗin A Daidaita Sahu muka koma gida.

Wannan ita ce asalin ƙarata, sauran duk rassa ne. An halicce ka domin miskini, amma ka kewaye kanka da katangar da ba mai haura ta sai mai guzuri, ta yadda kafin yaro ya tabbatar maka da talaucinsa sai ya ci bashi, kafin kuma ya tabbatar wa wasu jami'o'in ƙetare cewa yana jin Turanci, alhali da Turancin aka koyar da shi tun daga firamare har ya karɓi digiri, sai ya biya kuɗin wata jarrabawa mai suna IELTS, wadda sakamakonta ma bayan shekara 2 yake tashi aiki, sai ka ce harshen zubewa yake yi daga bakin mutum.

Sai kuma babbar fitina, wato maƙalar da kake cewa ɗalibi ya rubuta ya yabi kansa. Ranka ya daɗe, ka san irin tarbiyyar da muka yi wa yaran nan. Tun suna rarrafe muke koya musu kunya da kawaici da tawali'u, muna tsoratar da su daga riya da ujubu, muna ce musu yabon kai jahilci ne. Rana tsaka kai kuma ka zo ka ce su zauna su cika shafi da bayanin yadda suka jagoranci jama'a, da yadda duniya za ta gyaru idan aka tura su Ingila. Akwai wata ɗaliba tawa ta dā, wadda tun rasuwar mahaifiyarta ita ke riƙe da ƙannenta, tana koyar da yara a Islamiyya da yamma ba albashi, tana kuma riƙe da littafin adashin matan layinsu ba a taɓa samun kwabo ya yi ciwon kai ba; da ta iso wurin tambayar shugabanci sai ta rubuta cewa ita ba ta taɓa shugabantar kowa ba. A daidai lokacin nan wani, wanda iyakar gwagwarmayarsa buɗe zauren hira a WhatsApp, ya cika nasa shafin har yana neman ƙari. Da na ga abin zai zama zalunci, sai na ba ta fatawa, duk da ban kai matsayin mufti ba, na ce faɗin gaskiya game da kai a wurin buƙata halal ne, hujjata kuwa ita ce ƙissar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, ya kuma ambaci amanarsa da saninsa. Na ce ta rubuta abin da ta yi, da lokacin da ta yi shi, da yawan yaran da ta koyar, da abin da ya canja a dalilinta, kada ta ƙara gishiri, kada kuma ta rage, kuma kada ta kuskura ta kwafo ta wani, domin alƙalan fadarka sun karanta maƙalar nan ta yaron da ya tashi a ƙauye yana karatu da aci-bal-bal har sun haddace ta.

Game da takardar tazkiyya, wadda kake so malamai biyu su aiko, ba zan tsawaita ba, tun da abin ya shafi abokan sana'ata. Abin da zan ce kurum shi ne, shaihin malamin da ke da ɗalibai ɗaruruwa a aji ɗaya ba ya tuna fuskar kowa, kuma wanda ya je masa ana jibi za a rufe karɓar fom, to, kada ya zargi kowa. Ina gaya wa yara su je tun da sauran wata guda, da ladabi, da tarihinsu a rubuce a hannu.

Ka kuma sani, Allah ya ja zamaninka, akwai 'yan sojan gona da ke yawo da rawaninka. Kullum sai an turo wa yara saƙo a waya cewa wani attajiri ko wata ƙasa na raba guraben karatu, a tura wa mutum goma, a biya kuɗin rajista, a ba da lambar BVN. Ƙa'idar da na kafa musu ita ce, 'ya'yanka na halal na ƙetare da na ambata a sama ba sa karɓar kuɗin fom, kuma duk sanarwar da ba a same ta a shafin hukumar ko na ofishin jakadancin ƙasar ba, isnadinta ya yanke, ba a aiki da ita. Amma da kana fitowa fili ana ganinka, da ɓarayin nan ba su sami kasuwa ba.

Wanda ya tsallake duk wannan ya samu kuma, ba a ce ya huta ba. Jaridu sun sha kawo kukan ɗaliban da aka tura Rasha da Maroko da Hangari a ƙarƙashin yarjejeniyar musayar ɗalibai ta BEA, suna watanni ba alawus, aka zo aka zabge alawus ɗin fiye da rabi a 2024, kana a 2025 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar daina shirin. A nan gida ma mun ga ɗan tallafin da aka nema a aji ɗaya ya iso ana shirin bikin suna na ɗan fari. Ɗan ubanka NELFUND, wanda ya buɗe ƙofarsa a watan Mayun 2024, ya ɗan share hawaye, domin yana biyan kuɗin makarantun gwamnati kai tsaye, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, ba a fara biya sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa, sannan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Na yaba masa, ina kuma tura yara wurinsa. Sai dai shi rance ne, kai kyauta ce, kuma ba na son ka laɓe a bayansa ka ce an gama da mu.

Roƙona gare ka bai taka kara ya karya ba. Ka sa a riƙa yi maka shela a gidajen rediyo da Hausa, a kuma manna sanarwarka a makarantu tun da sauran lokaci. Ka jinkirta neman fasfo da jarrabawar Turanci har sai ka zaɓi mutum, ba tun yana bakin ƙofa ba. Wanda ka ɗauka kuma ka cika masa alkawari a kan kari, domin yaron da ke cikin dusar ƙanƙara ba ya cin takardar amincewa. Ni kuma a nawa ɓangaren zan ci gaba da tura maka su, ko ka kore su bana su dawo baɗi, da takardunsu a haɗe cikin jaka ɗaya da suna iri ɗaya a kan kowace.

Idan ka ga damar ba da amsa, ka aiko ta hannun mai shagon intanet na bakin kasuwa, domin shi ke riƙe da lambar sirrin imel ɗina.

Haza wassalam.

Naka mai biyayya,
Tsohon malamin makaranta.