Mai Gadin Kaji

Na kawo kyanwa gida ne don ta tsare mini rumbu daga ɓeraye. Yau ni ne ke gadinta.

Ta haihu a ƙarƙashin rumbun, 'ya'ya huɗu. Dare na yi sai wani muzurun daji mai yankakken kunne ya riƙa zagaye, ita kuwa ta shige ɗakina ta bar ni tsaye a tsakar gida da tocila da sanda.

Kaji kuma nasu ya fi yawa. Shirwa daga sama, tunku daga ƙasa, maciji ya bi ta ɓular akurki ya haɗiye ƙwai. Na toshe ramukan da laka, na sa ragar waya a ƙofa, na kife 'yan tsaki da kwando da rana. Wata tsohuwa ta ce mini: "Ɗan nan, shafa musu galura, shirwa ba za ta gane su ba." Na shafa. Suka fito jajawur. Shirwa ta ruɗe, uwarsu ma ta ruɗe, ta kwana biyu tana kallonsu a kaikaice.

Cikin tsakin nan guda ya girma ya zama zakara. An ce wanda Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ya kuwa yi cara har wata uku.

Sai surukaina suka zo ziyara. Uwargida ta dube ni, ta dubi zakara, ta miƙo mini wuƙa.