Saɓanin Malamai a Kan Totur

Sanannen abu ne ga duk wanda ya san ƙasar Gwandu cewa Allah ya albarkace ta da ilimi tun zamanin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna cikinta yana karantarwa yana wallafa littattafai, amma abin da magabata ba su hango ba shi ne za a zo wani zamani da fatawa za ta yi arha, har ta bar zaure ta koma tashar 'yan kabu-kabu, inda da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, hazo ya rufe hanyar Kalgo zuwa Bunza, mai rawani da maras rawani kowa yake zama muftin babur.

Mas'alar da ake saɓani a kanta ita ce totur mai maƙalewa. Surarta kuwa, mutum ya fito bayan asuba ya ɗaure buhun albasa biyu a bayan Boxer, ya murɗa totur ya saki, totur ya ce shi ba ya komawa, sai ka ga bawan Allah ya wuce teburin mai shayin da ya yi niyyar tsayawa, ƙafafunsa na jan ƙasa, takalmi ɗaya ya yi gabas, hula ta yi yamma, yana salati da ƙarfi irin wanda bai taɓa yi a masallaci ba. Kafin ya tashi daga cikin kwatar da ta karɓe shi, majalisa ta riga ta haɗu, kuma ba a rasa mazhaba huɗu a cikinta.

Jamhuru sun tafi a kan cewa laifin ɗari ne, saboda haka maganinsu ɗumama babur. Masu sassauci cikinsu suna kwara masa ruwan zafi na butar alwala, masu tsanani kuma suna hura wutar kara dab da tankin mai, suna zaune suna jin ɗumi tare da shi, wanda hakan gajeruwar hanya ce ta zuwa lahira ba tare da an hau babur ɗin ba. Akwai kuma waɗanda ke tsayawa ƙofar gida suna ba shi wuta har unguwa ta tashi, alhali tun da aka janye tallafin mai a 2023 babu lita ɗaya da ta cancanci a ƙone ta don a hana maƙwabta barci. Mazhaba ta biyu ta ɗora alhaki a kan 'yan bumburutu, kuma waɗannan suna da ɗan rabo na gaskiya, domin gurɓataccen mai yana barin dauɗa a kafireto. Ta uku ita ce ta dattijon da zai kaɗa kai ya ce, "Wanga ba aikin ƙarfe ba na, ɗana, akwai hannu ciki," daga nan sai a fara lissafin maƙiya, a kan fara kuwa da dangin amarya. Ta huɗu ba ta jayayya da kowa. Man gyaɗa kawai take ɗurawa a duk ramin da ta gani.

Mai sahihiyar ruwaya shi ne yaron bakanike da ke tsugune gefe da riga baƙa ƙirin, sai dai ba a karɓar shaidarsa saboda ƙarancin shekaru da rashin babbar riga. Da za a saurare shi, da an ji cewa a ƙasashen Turai ruwa ne ke daskarewa cikin kebur ya riƙe shi, mu kuwa ɗarinmu, duk da kurin da muke yi da shi, bai taɓa daskarar da ko ruwan randa ba. Iyakar abin da yake yi shi ne ya sa tsohon giris ya yi kauri, ƙurar da iska ke kwasowa daga hamadar Chadi ta shiga ta cakuɗe da shi, su zama kamar ƙullun ƙosai da ya kwana, wayar ta kasa zamewa cikin rigarta. In aka haɗa da silin waya da ya tsinke yana karce ciki, ko sifirin da ya gaji, ko ɗan ƙarfen da ke hawa da sauka cikin kafireto ya yi datti domin maigidan ya cire soson tace iska wai babur ya ƙara numfashi, to hujja ta cika.

Binciken ba ya buƙatar istihara. A kashe babur, a murɗa totur a saki. Lafiyayye yana komawa da kansa nan take har a ji ƙararsa. A karkata kan babur dama da hagu a sake gwadawa, domin wani lokaci kebur ɗin ne ya matse ƙarƙashin tanki, wani lokaci kuma robar hannu ce ta lanƙwashe tun faɗuwar bara. A kwance, a wanke da kananzir, a ɗiga mai maras kauri, wayar da ta fara tsinkewa kuma a sallame ta. Idan kuwa ya maƙale ana cikin tafiya, a kama kuloci, a taka birki, a kashe makulli, sa'an nan a ci gaba da salatin cikin natsuwa.

To amma a nan ne gizo ke saƙa, domin mutumin da ya sayi oda mai kukan tirela, da fitila mai launi bakwai, da gashin tunkiya na shimfiɗa kan kujera, shi ne idan yaro ya ce, "Alhaji, sai an sake kebur," zai dafe ƙirji ya ce ana so a cuce shi, ya ce a ɗan lallaɓa masa zuwa bazara.

Saboda haka, bayan sauraren dukan ɓangarori, mun wanke maƙiya da dangin amarya, mun ja wa ɗari kunne, mun kuma yanke wa Alhaji tarar kebur ɗaya, da kuɗin kofuna uku na mai shayi.