Gawayin Kalifoniya

A garejin bakin kwalta na garinmu Dogo akwai dokar da ba a rubuta ba: duk abin da makanike bai san amfaninsa ba, to ba shi da amfani. Da ita aka yanke hukunci kan wani baƙin gwangwani da ke maƙale a gefen babur ɗina.

Tsohon Suzuki ne ɗan gwanjo, ya sauka a Kwatano, ya yi ta sauya hannu har ya faɗo nawa. A jikinsa akwai wata koɗaɗɗiyar takarda da ba a gane komai a kanta sai Kalifoniya. Lafiya lau muke zaune har Najeriya ta cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kwalaben ƴan ruwa-ruwa suka yi tsada. Daga nan duk inda aka samu rangwame sai a cika mini tanki. Ɗan ruwa-ruwa kuwa ba ya barin ɗigo a kwalba: ya zuba, ya jijjiga babur, ya ƙara, sai mai ya leƙo baki. Shi ke nan babur ya koyi sabon hali. In ya sha ranar bazarar Damagaram, wadda kan haura digiri 40, sai in yi ta buga kik har gwiwa ta yi tsami, shi kuwa sai tari da warin fetur.

Ranar da na tura shi gareji maigidan ya tafi biki Magariya, sai babban yaronsa. Ya bi tiyo da yatsa har ya dangana da gwangwanin.

"Malam, ka ga mai laifin. Babu waya, babu makunni. Turawa ne ke sa shi saboda sanyin ƙasarsu."

Majalisar ƴan kabu-kabu da ke shan shayi ta amince baki ɗaya, ban da mutum guda da ya rantse na'urar leƙen asiri ce. Yaro ya sa wuƙa ya datse. Tiyon da ya fito daga tanki ya cusa masa ƙusa ya ɗaure da roba, wai kada mai ya zube. Wanda ya nufi kafireto kuwa ya bar shi yana lilo. Da aka fasa gwangwanin sai ga gawayi ƙanana sharkaf da mai. Wani dattijo ya matso ya dube ni da tausayi.

"Ɗana, wa ka ɓata wa rai?"

Kafin in amsa mai shayi ya damƙi gawayin ya watsa a murhu. Wuta ta yi tsalle, buta ta kife, majalisa ta watse ba sallama.

Babur dai ya tashi bugu ɗaya, yana ihu ko ban taɓa totur ba. Na kama hanyar Damagaram ina sa wa yaro albarka. Ban yi nisa ba sai ya shaƙe ya mutu. Na buɗe murfin tanki in duba mai, sai na ji ya ja iska "fuuu", kamar mai fitowa daga nutso. Mai na nan fal. Na rufe, na buga, ya tashi. Can gaba kaɗan ya sake mutuwa. Wani mai amalanken jaki ne abokin tafiyata: in wuce shi da ƙura, ya iske ni a tsaye. Da fari ya ce, "Sannu da hutawa, Malam." Daga baya ya ce, "Ko a ɗora shi?" A ƙarshe gaisuwar ma ya daina, jakin kaɗai ke waiwayo na.

Wani tsohon makanike kusa da Kasuwar Dole ne ya warware zancen, bayan ya gama dariya. Ya ce tanki numfashi yake yi. In rana ta buga, fetur kan yi tururi. Tururin ya bi tiyo zuwa gwangwani, gawayin ya riƙe shi, in inji ya tashi ya zuƙe ya ƙona. Jihar Kalifoniya ta wajabta shi ga babura tun shekarun 1980 saboda hazon hayaƙin biranenta, Turai ma ta bi sahu da dokar Euro 4 a 2016. Tururi aka yi shi dominsa. Cikar da ake wa tanki har wuya ce ta tura masa ruwan mai ya jiƙe. Yaro kuma ya toshe ƙofar da iska ke shiga tanki, mai ya kasa sauka, ya bar wadda inji ke zuƙa a buɗe tana shan ƙura.

Tsoho ya zare ƙusar daga wannan tiyo ya mayar cikin wancan. Aikin ke nan.

"Jika biyu, Malam."

"Baba, ƙusa fa kawai ka sauya wa wuri!"

"Ƙusar kyauta ce. Sanin wurin ne jika biyu."

Yanzu babur na tafiya sumul, sai dai tururin da na saya da kuɗina iska ke kwashewa, uwargida kuma ta kore shi daga zaure saboda wari. Ƴan kabu-kabu sun binciki nasu ba su sami gwangwani ba, sun ji haushi. Mai shayi kuwa ya aiko a tambaye ni ko akwai sauran gawayin nan na Amurka, wai bai taɓa ganin mai kamawa ba fifita irinsa ba.