Gizo Mai Ƙafa Takwas A Birnin Ƙonni

Mutumin Birnin Ƙonni ba ya jin tsoron sayen kaya daga nesa. Iyakar Najeriya na nan bayan gari, Illela na tsallake da kasuwarta ta Lahadi, Sakkwato kuwa ba ta kai kilomita 100 ba. Atamfa, taliya, kayan babur, wayar hannu, duk ta nan suke shigowa. Don haka ranar da ɗan yayata, autan ɗakinsu, ya ce zai sa a kawo masa na'urar wifi daga Kano, ba wanda ya ɗaga kai daga kwanon tuwo.

Auta ɗan wasan PUBG Mobile ne. Ga wanda Allah ya tsare bai san shi ba, mutum ɗari ake zubarwa daga jirgin sama a wani tsibiri, kowa ya nemi bindiga, wanda ya rage da rai shi ne gwani. Auta bai taɓa ragewa ba. Kullum sai ya ɓuya bayan katanga lafiya lau, can sai a ga ya faɗi matacce, ya dubo ni ido jawur ya ce, "Kawu, wallahi ni na riga shi harbi!" Kuma gaskiyarsa. A gefen allon wasan akwai wata ƴar lamba da yara ke kira ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka daga wayarka zuwa babbar kwamfutar wasan ya dawo. Da milisakan ake auna shi, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In lambar ƙarama ce sai ta yi kore, in ta yi yawa ta koma ja. Ta Auta ja ce, rani da damina. Kafin harsashinsa ya isa inda ake ƙirga shi, wani yaro a Turai ya riga ya kashe shi har ya kwashe masa takalmi.

Magani a YouTube ya same shi, wurin wasu samarin Amurka masu ɗakuna da fitilu kala-kala. Kowannensu da rautarsa, wato na'urar wifi, ta ƴan wasa, irin waɗanda kamfanonin Asus da TP-Link da Netgear ke ƙerawa, manyan cikinsu ɗaruruwan daloli. Auta ya zauna ya yi nazari mai zurfi, ya kuma fitar da ma'auni guda: yawan eriya. Mai huɗu ta talaka ce. Mai shida ta ma'aikacin gwamnati. Shi mai takwas yake so, baƙa wuluk, da jar fitila a ƙirji, an rubuta 11000 a jikin kwalinta.

Wannan lamba ita ta fi cin ransa. Ya ɗauka gudun da zai samu ke nan, megabit dubu goma sha ɗaya a daƙiƙa. Alhali masu ƙera irin waɗannan na'urori tattara ƙarfin zangunan rediyo uku suke yi, ɗaya na 2.4 GHz, biyu na 5 GHz, kowanne a iyakar abin da zai iya a ɗakin gwaji, su haɗa jimla su buga a kwali. Babu wayar da ke hawa zango uku a lokaci guda. Wannan kuwa ba da manyan baƙaƙe ake rubuta shi ba.

Kuɗi bai yi wuya ba, don lokacin cirar albasa ne. Ya sayar da kasonsa na gonar mahaifinsa da ke wajen Galmi, ya ƙara da ragon da kakarsa Inna ke kiwata masa da dusa da ƙaiƙayi, da niyyar ranar da Allah zai nufe shi da hankali ya nemi aure. Ƴan canji suka mai da sefa naira, aka tura wa wani mai shago a Kano, aka ɗora kwali a motar Sakkwato, daga can zuwa iyaka. A jikinsa an rubuta ILLELA da jan alƙalami, ɓaro-ɓaro.

Kwalin ya iso Illelar Najeriya lafiya. Wani ɗan kabu-kabu mai kirki ya tsallako da shi, ya ajiye a tashar Ƙonni ya tafi salla. Yaran mota suka ga rubutu, su kuma Illela guda suka sani a wannan gefen, wadda ke cikin jihar Tawa. Suka cusa shi ƙarƙashin buhunan gero, mota ta bi ta Tsarnawa ta miƙe arewa ta Badagishiri. Auta na bakin iyaka yana rantsuwa da ɗan kabu-kabu, kayansa kuwa na can ana zaune a kansu ana cin gyaɗa. Sai da ya bi sawu a babur, ya dawo fari fat da ƙura, rungume da kwali.

Gida ya cika ranar buɗewa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya fiddo abin, ya shiga ɗaura eriya ɗaya bayan ɗaya, suna miƙewa sama ta kowane gefe. Inna ta matso da sandarta ta leƙa, ta ja da baya.

"Maigidana, wanga hwa Gizo na, an kihe shi. Don wanga anka kai ragona kasuwa?"

Sunan ya bi na'urar daga ranar. Kuma duk wanda ya sha tatsuniya a gindin kaka ya san ba a hulɗa da Gizo a tashi da riba.

Tun daga filogi ya fara nuna hali. Kayan da aka yi wa kasuwar Najeriya ƙafa uku masu kusurwa suke zuwa da su, irin na Ingila, bangon Nijar kuwa ramuka biyu zagayayyu gare shi, gadon Faransa. Aka aiki yaro kasuwa ya sayo mahaɗi. Fitilu suka kama, yara suka yi tafi, sunan wifi ya fito a wayar kowa da sanda cike. Auta ya ciro sim daga wayarsa, ya juya Gizo dama, ya juya shi hagu, ya kifa shi, ya haska tocila. Ramuka ga su nan reras a baya, amma duk na waya ne mai kauri. Har wani ɗan tsagi ya samu ya tura sim ɗin da tsinke. Na iska ne. Da hantsaki aka ciro shi.

Washegari muka ɗauki Gizo zuwa rumfar wani mai gyaran waya a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi. Mutumin ya dube shi da girmamawa, ya shafa eriya guda, sannan ya ce, "Ɗan Alhaji, ina wayar da za ta ba shi intanet?"

"Ba shi na ka ba da intanet ɗin ba?"

"Shi rabawa yake yi. Sai an kawo mishi."

Nan fa bayani ya fito. Irin wannan rauta an yi ta ne don gidan da aka riga aka ja wa fiba ko wata waya daga kamfani. Aikinta ta karɓa daga bango ta watsa wa wayoyi da kwamfutocin gida, ta sa saƙon mai wasa a gaba da na mai kallon fim. Samarin Amurkan da Auta ke kallo duk da wayarsu a bango, shi ya sa ba su ga dalilin faɗa ba. A Nijar kuwa yawancin mutane ta sim suke shiga intanet, ko na Airtel, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom da ta gaji Orange, ko Niger Telecom. Gidan Alhaji babu wata waya da ta taɓa shigarsa sai ta lantarki da igiyar shanya.

Dabara ɗaya ce: a sayi ƙaramin modem mai cin sim, a haɗa shi da babban da waya. Mai gyara ya jawo wani ɗan farin akwati daga ƙarƙashin tebur, wanda kuɗinsa bai kai na ƙafafun rago ba. Da aka kawo shi gida Inna ta ce, "Awo, ga Ƙoƙi ta zo. Da ma ita ka wahala, shi shina kwance." Abin da mai gyaran ya faɗa a hankali, Auta kuma ya yi kamar bai ji ba, shi ne ɗan farin akwatin shi ma yana ba da wifi da kansa, wanda ya ishi ɗaki da zaure.

A yi wa Gizo adalci, wajen watsawa ba shi da na biyu. Zangon 5 GHz mai saurin nan bai son katanga, bulon simintin Malbaza biyu sun isa su karya masa gwiwa, don haka Auta ya dawo da katifarsa kusa da na'urar. Amma zangon 2.4 GHz ya ratsa soro, ya tsallake garke, ya faɗa titi. Auta ya sa kod mai wuya, ya faɗa wa ƙanensa ɗan kishiyar uwa kaɗai, bisa amana. Yaron ya sayar da amanar a kan alawa da ƙanƙarar leda. Kafin la'asar majalisar masu shayi da ta shekara da shekaru a gindin dalbejiyar ƙofar masallaci ta yi ƙaura zuwa bayan katangar Alhaji, inda ko inuwa babu. Dattawan da ba su taɓa gaishe da Auta ba suka riƙa tambayar lafiyarsa. Forfen intanet na wata guda ya ƙare kafin asuba, a TikTok da fassarar finafinan Indiya.

Aka sake kod, aka sake forfe, majalisa ta koma gindin itacenta tana zagin rowar yaran zamani. Auta ya yi alwala, ya zauna, ya buɗe wasa. Lamba ja. Ya matsa har gwiwarsa na taɓa eriya. Ja.

Dalilin bai da alaƙa da yawan eriya. Tsakanin wayar Auta da rautar, saƙo milisakan kaɗan yake ci, kuma nan ne kaɗai Gizo ke da iko. Daga nan sai ya bi iska zuwa ƙarfen sabis na unguwa, wanda da dare kowa ke rataye a kansa. Sannan Nijar ba ta da teku, dole saƙon ya bi fiba ta ƙasashen maƙwabta zuwa gaɓa, ya shiga wayoyin ƙarƙashin ruwa, ya nufi inda kwamfutocin wasan suke, Turai ko Gabas ta Tsakiya. Haske cikin fiba yana yin kimanin kilomita 200 a milisakan guda. Daga Ƙonni zuwa tsakiyar Jamus kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, wato zuwa da dawowa milisakan 40 ko da an ja waya sambal ta cikin Sahara da Bahar Rum. Ita kuwa hanyar gaske kudu take fara yi kafin ta zagaya ta yi arewa. Wanda ya manta da haka ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ta yi ta rarrafe a ƙasashen Afirka ta Yamma har da Nijar. Ranar, mai eriya takwas da mai ƴar wayar hannu layi ɗaya suka bi.

Duk da haka an yi wani dare, wajen ƙarfe uku, gari ya yi barci, ƙarfen sabis ya samu sarari, lambar ta koma ruwan ɗorawa. Auta ya yi ta kisa, har ya shiga cikin goman ƙarshe, abin da bai taɓa gani ba. Yana kwance cikin ciyawa yana auna wani, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Wayar da ke hannunsa na da batir. Gizo da Ƙoƙi ba su da shi. Ihun da ya yi ya sa Alhaji fitowa da gora yana tambayar ta ina ɓarawon ya bi.

Wuta a wannan yanki tsohon zance ce. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya da aka yanke shi a watan Agusta na shekarar. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ita ce irinta ta farko a ƙasar, amma ƙarfe ukun dare ba lokacinta ba ne. Auta ya yanke shawarar ɗaura na'urorinsa a batirin fanon hasken rana da ke juya fankar Inna, cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce 40. Dare ɗaya aka yi. Da safe aka tarar da Gizo a turken awaki, an kifa masa ƙwarya, akuya ta ɗanɗana eriya guda ta ga ba daɗi ta bari.

Yanzu wata sabuwa ta shigo. Tun watan Maris na 2025 Starlink ya fara aiki a Nijar a hukumance, faranti ne da ake kafawa a kan rufi ya yi magana da tauraron ɗan'adam kai tsaye, ba ruwansa da ƙarfen unguwa. Auta ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa da lissafi a takarda, ya ce da wannan kam Gizo zai nuna ko shi wane ne. Alhaji bai yi boko ba, amma ya shekara talatin yana sayar wa ƴan Gana da Kodebuwa albasa, ya san tambayar da ake yi kafin a biya.

"Shi hwarantin, ba ya zuwa da abin raba wifi nashi cikin kwali?"

Auta ya sunkuyar da kai ya ce yana zuwa da shi.

"To tashi ka tahi gona."

Gizo na nan a kan kabad ɗin Inna, tsakanin kwanonin samira, an lulluɓe shi da ɗankwali saboda ƙura. Lafiyarsa ƙalau, eriya bakwai garau, ta takwas da ɗan shatin haƙori. Mai karatu, in kana Yamai ko Kano kuma an ja maka fiba har cikin ɗaki, ka zo Ƙonni a yi ciniki. Inna ta ce ko tunkiya aka kawo za ta karɓa.